Keke mai batir a Jidda: ta yaya mai ƙaramin ƙarfi zai gane farashin gaskiya?

Telan Karantina ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa. Ni tela ne, ina zaune a unguwar Karantina a nan Jidda, shagon da nake aiki kuma yana cikin Balad, kusa da Bab Makka. Shekara huɗu ke nan ina yin wannan zirga-zirga kullum, wata rana a motar haya, wata rana a kan tsohon kekena na feda, amma yanzu gwiwa ta fara kawo ƙara, domin wanda ya wuni yana taka keken ɗinki ba ya son ya sake taka wani keken kafin ya isa gida. Saboda haka na yi niyyar sayen keke mai batir kafin aikin azumi ya taso, lokacin da mukan kai ƙarfe uku na dare muna ɗinkin kayan Salla, motar haya kuma ta yi tsada a wannan sa'a.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne farashi. A shago na farko an ce mini riyal 1,700. A shago na biyu na ga wani keken da, a iya ganin idona, babu abin da ya raba shi da na farko, kama daga launi da kaurin taya har zuwa ɗan allon da ke nuna gudu, amma mai shagon ya ce riyal 2,900. A intanet na ga mai kama da su a kan 2,300, a manhajar Haraj kuma wani ya saka nasa na hannu a kan 900. Da na tambayi mai shago na biyu dalilin wannan tazara, sai ya ce nasa asli ne, wancan kuwa tijari ne, wato kwaikwayo, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ni mutum ne mai iyali a Kano, kuma kowane riyal da zan kashe a nan, daga abin da zan aika gida yake fita. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mini nawa ne farashin da ya dace, kuma ta wace hanya zan gane cewa mai 2,900 ba zaluntata zai yi ba, mai 1,700 kuma ba gawa zai sayar mini ba.

Mai Gyaran Batir, Gulail, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Shekara da shekaru ina buɗe waɗannan batura, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne idonka bai yaudare ka ba: sau da yawa ƙarfen keken da tayoyinsa da allonsa iri ɗaya ne, domin masana'antun Sin, musamman na yankin Tiyanjin da Wushi, suna ƙera gangar jiki ɗaya su sayar wa 'yan kasuwa da yawa, kowa ya manna sunansa. Bambancin kuɗin yana cikin akwatin da ba a buɗe maka, wato batir, shi ne kuma abu mafi tsada a jikin keken.

Lissafinsa ba shi da wuya. A jikin kowane batir ana rubuta lambobi biyu, misali 48V da 15Ah. Idan ka ninka su za ka sami 720 a ma'aunin wat-awa (Wh), wannan shi ne yawan wutar da batirin ke iya ɗauka. Wanda aka rubuta masa 36V da 10Ah kuwa 360 yake ɗauka, wato rabin na farko daidai, ko da akwatinsu ya yi kama. A gwajin da na sha yi a titunan Jidda, mai 720 yakan kai mutum kilomita 35 zuwa 45 idan ba ya taka feda ko kaɗan, gwargwadon nauyinsa da gudunsa.

Matsalar ita ce rubutu ba ya tsoron ƙarya, amma nauyi ba ya yi. A cikin akwatin akwai ƙananan batura masu siffar yatsa da ake kira 18650, kowane yana da nauyin giram 45 zuwa 48, kuma ana jera 13 kafin a sami 48V. Batiri mai 15Ah yakan buƙaci kusan 65, wato kimanin kilo uku, ban da akwati da wayoyi, mai 20Ah kuwa 'ya'yan cikinsa kaɗai sun haura kilo uku da rabi. A watan jiya wani ɗan'uwanmu ya kawo mini batirin da aka rubuta wa 48V 20Ah, yana kukan cewa ba ya kai shi aiki ya dawo. Da na kwance shi a gabansa, sai muka ƙirga guda 39 kacal, sauran wurin an cika shi da soso, wasunsu ma da tabon tsohuwar walda a kansu, alamar daga matattun kwamfutoci aka ciro su. Mutumin ya daɗe yana kallon soson nan bai ce uffan ba.

Saboda haka ka je da ma'auni, ka ce a cire batirin ka auna. Ka kuma tambayi kamfanin da ya yi 'ya'yan cikin, domin na Samsung da LG da Panasonic sun fi tsada kuma sun fi jimiri, sannan ka duba sunan injin da ke cikin ƙafar baya, irin su Bafang, wanda ake samun kayan gyaransa. Zafin ƙasar nan ma yana cikin lissafi, domin batirin litiyam ba ya son a yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45, kuma keken da ya wuni a rana a bakin shago yakan wuce haka. Mai kyau zai jure idan kana shigar da shi inuwa, marar kyau kuwa shi ne ke kumbura, wani lokaci har ya kama da wuta a ɗakin da mutane ke barci.

Kuɗin caji kam kada ya dame ka. Wutar gida halala 18 ce (halala 100 ne riyal ɗaya) a kowane kilowat-awa, wato wat-awa 1,000, ga wanda bai wuce kilowat-awa 6,000 a wata ba, don haka cika batiri mai 720 ba zai kai halala 20 ba. Na hannu mai 900 kuwa, ka ɗauka ƙarfe ka saya, ka ware kuɗin sabon batir a gefe.

Ɗan Kasuwar Batha, Riyad, ya amsa:

Malam mai gyara ya faɗi gaskiya game da batir, amma ina so in yi magana a madadin masu shago, domin ina shigo da kaya daga Sin, duk da cewa ba kekuna ne babbar harkata ba, kuma na san yadda farashi ke hawa tun daga masana'anta har zuwa kan kanta.

Mai saye yakan manta cewa ba duk kuɗin da ya miƙa ne ke shiga aljihun mai shago ba. An fara karɓar dariba, wato harajin sayen kaya na VAT, a ƙasar nan a watan Janairun 2018 a kan kashi 5 cikin ɗari, sannan aka mayar da ita kashi 15 daga 1 ga Yulin 2020. Ke nan a cikin riyal 2,300 da ka gani a intanet, 300 na gwamnati ne idan mai sayarwar yana biya. Bayan wannan akwai kuɗin kwastan, akwai takardar ingancin kaya da hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar nan, SASO, ke buƙata ta hanyar tsarin Saber kafin kaya su fita daga tashar jiragen ruwa, ga shi kuma kamfanonin jiragen ruwa suna lissafa batirin litiyam a cikin kaya masu haɗari, saboda haka dakonsa ya fi na takalmi ko na tufafi tsada. Tun daga ƙarshen 2023, lokacin da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, kuɗin dako zuwa Jidda ya ƙara wahalar da mu. Wanda ya biya duk waɗannan, ya biya hayar shago, ya kuma ajiye kayan gyara, ba zai iya sayarwa a farashin wanda ke sayarwa daga bayan mota ba.

Amma akwai hujja ɗaya da bai kamata ka karɓa ba. Idan wani ya ce maka dala ta tashi, kamar yadda muka saba ji a Kantin Kwari da Singa, to ka sani riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun shekarar 1986, ba ya hawa ba ya sauka.

Shawarata ita ce kada ka saya sai da fatura, wato rasit, ta lantarki mai lambar QR da lambar dariba, wadda aka wajabta tun Disambar 2021, kuma a rubuta ƙarfin batirin a jikinta. Da wannan takarda kana iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900 idan aka saɓa maka. Ka tambayi mai 1,700 ko zai ba ka fatura, amsarsa za ta gaya maka rabin abin da kake nema.

Mai Gyaran Batir, Gulail, ya sake cewa:

Alhaji, na yarda da batun fatura, sai dai a ƙara da cewa a rubuta garantin batir daban da na keke. Na ga takardu da dama da aka rubuta garanti mai tsawo da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe aka ce na batir wata shida ne, alhali shi ne abin da ke fara mutuwa.

Maman Yara, Madina, ta amsa:

Ɗan'uwa, ni a kan biya kaɗan-kaɗan zan yi magana, tun da na ga aljihunka ne damuwarka. Bara na saya wa babban ɗana irin wannan keke a intanet domin zuwa aiki, ta hanyar tsarin nan na raba kuɗi gida huɗu irin na Tabby da Tamara. Tsarin ya taimake ni, amma ya sa na yi sakaci, domin da na ga ɗan abin da zan biya a wata, sai na daina duba jimillar, ban kuma kwatanta da wasu shaguna ba. Daga baya na ga irinsa a shago da rangwamen da ya kai kuɗin cefanen mako biyu. Dokar cinikin intanet ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da kaya idan bai yi amfani da su ba, amma yaron ya riga ya hau tun ranar farko, har ya zagaya unguwa yana nuna wa abokansa.

Wani abu kuma, idan kana tunanin wata rana za ka tafi da shi gida, ka cire wannan daga lissafi. Na so in aika wa ƙanena a Zariya, sai na tarar jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirin da ya wuce wat-awa 160 a irin lissafin da mai gyara ya yi, na keke kuwa ya ninka haka sau biyu zuwa huɗu ko fiye.

Ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina ya amsa:

Baba, ina so in taɓa kalmar zalunci da ka ambata. A hadisin Anas, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, farashi ya yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanka musu farashi, sai ya ƙi, ya ce Allah ne mai sanya farashi. Daga nan malamai suka fahimci cewa tsada kaɗai ba zalunci ba ce matuƙar babu ɓoye kaya ko haɗa baki a kan masu saye. Abin da aka yi kakkausan gargaɗi a kansa shi ne algus, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim game da mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. A fahimtata, mai 2,900 da ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin batirinsa bai zalunce ka ba ko da ribarsa ta yi yawa, domin kana da damar tayawa ko ka tafi, amma mai soso a cikin akwati ya yi algus ko da a kan riyal 500 ya sayar.

Telan Karantina ya dawo:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na ari ɗan ma'aunin rataye na maƙwabcina, wanda yake auna jakunkunan alhazai da shi, na koma shagunan biyu. Mai 1,700 ya ce makullin batirin ba ya wurinsa, da na yi maganar fatura kuma sai ya ce idan ina so a rubuta, farashin zai ƙaru. Mai 2,900 ya yi dariya da ya ga ma'aunin, amma ya cire batirin da hannunsa, an rubuta masa 48V 15Ah, ya kuma auna kilo huɗu da ɗan ɗoriya. Na taya 2,400 ya ce albarka, muka yi ta ja har ya sallama a 2,650, da fatura da garantin batir na shekara ɗaya a rubuce.

Yanzu riyal 2,200 ke hannuna, kuma ya yi alkawarin ajiye mini shi zuwa ƙarshen wata. Malam mai gyara, idan ba zan takura maka ba, ina so ka raka ni ranar da zan ɗauko shi ka duba injin da cajar, domin cajar da ya nuna mini ba ta da nauyi ko kaɗan a hannu, ban kuma ga an rubuta 54.6V a jikinta ba, kamar yadda na ji ana cewa ya kamata a gani ga batiri mai 48V.