Neman shawara: yarona ya daina gaida kakarsa da Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa. A gidan gandu nake aure a cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka. Babban yarona shekararsa 6, mun sa shi wata makarantar kuɗi a Samaru da ake cin tarar duk wanda ya yi Hausa. Yanzu a tsaye yake gaida Hajiya, uwar mijina, da Turanci. In ta yi masa magana sai ya ce malamarsu ta hana. 'Ya'yan ƙannen mijina sun laƙa masa Bature, har ya daina fita wasa. Hajiya ta ce ni na ɓata shi, babansa kuwa daɗi yake ji. In sa a cire shi ne?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Kar ki cire shi, 'yar uwa, kuɗi kuka biya. Ki riƙa kama hannunsa da safe ku je ɗakin Hajiya tare, ki durƙusa ki gaishe ta yana kallo. Abin da yaro ya gani shi yake yi.

Baban Sadik: Ni malamin firamare ne a Tudun Wada, kuma tarar nan ita ce matsalar. An nuna wa yaro harshen kakarsa laifi ne, to ina zai ga girmanta? A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara 6 na firamare, Turanci darasi ne kawai. Ba su gaza waɗanda aka koyar da Turanci ba, har a Turancin. Ya kamata baban yaron ya je ya ga shugaban makarantar.

Maman Hanifa: Malam, in ya je za su saurare shi? Iyaye ne fa suke neman hakan.

Hajiya Babba: 'Yata, daina wasan nan ya fi damuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ki sa shi Islamiyyar unguwa da yamma tare da 'yan uwansa, su tafi tare su dawo tare, tuwon dare kuma a zuba musu kwano ɗaya. Surukarki kuwa kar ki mayar mata da magana, ki roƙe ta ta riƙa yi masa tatsuniya bayan isha'i.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Islamiyyar tana farawa ƙarfe 4, shi kuma sai 3 da rabi motar makaranta take sauke shi. Zan gwada ranar Asabar tukuna.