Lissafin Inna ko na katin awo?

Amaryar Bara, ƙauyen Ringim:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Cikin fari gare ni. Jinina na ƙarshe ya zo ne daren da aka ga watan Maulidi. Innar maigidana ta ƙirga wata tara da yatsa, ta ce kafin watan Babbar Sallah ya kama zan sauka. Shi kuwa katin awo ya kai ni har bayan Sallah da kwana biyar. Ga shi ana son tsayar da ranar da zan tafi gida goyon ciki. Wanne zan kama?

Uwar Biyar, Gumel:
Wa alaikissalam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Haihuwata biyar, ko ɗaya bai zo ranar da aka rubuta ba. Na fari sai da ya ɗora kwana tara, har maƙwabta suka fara "har yanzu dai?" ta kan katanga. Autata kuwa saura sati biyu, ina tsaka da surfen gero faya ta fashe.

Malamar Awo, Dambatta:
Inna ba ta yi kuskure da yawa ba, rabin wata kawai ta bari a baya. Mu kwana 280 muke ƙirgawa, wato sati 40, daga ranar FARKO ta jinin ƙarshe, ba ranar da aka yi wanka ba, ba kuma ranar ɓatan wata ba. Watan sama kwana 29 ne ko 30, to tara ɗinsa bai wuce kwana 266 ba. Shi ya sa ake cewa wata tara da rabi. In da watan Bature ne, a ƙara kwana 7 sannan a ƙirga wata 9: wadda ta fara jini 10 ga Janairu, ranarta 17 ga Oktoba. Amma fa wadda ta haihu daga sati 37 zuwa cikar sati 42 ta haihu a kan lokaci. A cikin mata ashirin da ƙyar ake samun ɗaya da ke dacewa da ranar kati.

Maman 'Yan Biyu, Gaya:
Ku da ke da jinin ƙirgawa ma kun ji daɗi. Ni kwanika na yi, yarona na wata takwas a nono, ban ga jini ba balle in ce na yi ɓatan wata. Sai motsi na ji wata rana ina kwance bayan la'asar, kamar kifi ya juya a ƙasan cibiyata. Malama ta ɗora tef a cikin, ta ce tsayin ya yi yawa, ta tura ni hoto. Ashe biyu ne. Mai hoton ya ce tunda cikin ya riga ya tsufa, ranar da zai ba ni tana iya kaucewa da sati biyu ko uku. Da a watanni ukun farko na zo, in ji shi, da kuskuren bai wuce sati guda ba.

Yaya Babba, Auyo:
Ni dai abin da ya same ni a daminar 2022 ya ishe ni darasi. Na riƙe ranar kati kamar alkawari, na ce sai saura kwana uku zan koma wajen ƙanwata cikin Haɗeja. Ruwa ya cinye hanya, naƙuda ta zo saura kwana goma sha biyu. A kwalekwale aka fito da ni, ungozoma na riƙe da kaina, maigida na haska mana da fitilar waya. Ki tafi da wuri, ƙanwata, gidanku ba ya guduwa amma hanya tana yi.

Gwaggo, Rano:
A zamaninmu in lokaci ya wuce cewa ake ciki ya kwanta, a ci gaba da jira.

Malamar Awo, Dambatta:
Gwaggo, a yi haƙuri, wannan jiran ne ba ma so. In ciki ya haura sati 41 a zo mu duba, domin mabiyiya tana fara gajiya da ciyar da yaro. In kuwa motsi ya ragu, ko an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, ba a jiran kowace rana.

Amaryar Bara, ƙauyen Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Inna a tsakar gida, ta yi dariya ta ce rabin watan nata ne ta bar wa malamai. An tsayar da magana: ana gama azumin Sitta Shawwal Baba zai turo a ɗauke ni.