Wai elektaron na zagaya cibiyar atam kamar duniya da rana?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Jiya na buɗe littafin fizik na ƙanwata, na ga an zana atam, wato ƙwayar zarra: ɗigo a tsakiya, elektaron na kewaya shi kamar duniya da rana. Zanen nan ba gaskiya ba ne. A daina koya wa yara shi.

Mushe (malamin makaranta): Wa alaikumus salam. Ɗana, bi a sannu. Na daɗe ina zana shi a allo a nan Maradi. Masanin fizik Rutherford ne ya nuna a 1911 cewa kusan duk nauyin atam na cikin ƴar ƙaramar cibiya, kuma har yau maganar na nan daram.

Ɗalibi: Ban musa cibiyar ba, Mushe, zagayen nake musu. A lissafin masanin fizik Maxwell, duk abin da ke da cajin lantarki, irin elektaron, in ya sauya gudu ko ya karkata, sai ya fitar da haske. Mai zagaye kuwa kullum cikin karkata yake. Ke nan ƙarfinsa zai tsiyaye, ya faɗa cibiya kafin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Da haka ne, da babu mu.

Mai gyaran rediyo: Yaro na da gaskiya a nan. Da haka eriya ke aika siginar rediyo, elektaron na kai da komo a cikinta. Ka yanke mata wuta, shiru.

Mushe: Ai shi ya sa masanin fizik Bohr ya gyara a 1913. Ya ce matakai ne ƙayyadaddu, kamar tsani, ba a tsayawa tsakani. Sai elektaron ya sauko mataki yake fitar da haske. Lissafinsa ya fitar da layukan launin hasken da iskar haidurojin ke fitarwa daidai, har jan layin nan na nanomita 656. Wannan ne ƙarya?

Malama: Ku barbaɗa gishiri a wutar gas ku gani, nan take harshen zai koma rawaya. Sodiyom, sinadarin da ke cikin gishirin, ke nan yake shaida matakan. Amma Mushe, da aka zo kan hiliyom, mai elektaron 2 kacal, lissafin Bohr ya cije. Matakan gaskiya ne, da'irar ce babu. De Broglie ya ce a 1924 elektaron na da halin igiyar ruwa, Schrödinger ya rubuta lissafin a 1926. Ni da tsirkiyar gurmi nake nuna wa ɗalibaina: an ɗaure ta baki biyu, don haka wasu sautuka kaɗai take iya badawa.

Mai gyaran rediyo: To Malama, a ina yake zaune ke nan?

Malama: Baba, lissafin ba ya ba shi hanya. Yana faɗin inda aka fi sa ran samunsa in an auna. Heisenberg ya nuna a 1927 cewa in aka matse wurinsa, gudunsa sai ya bazu, ba a iya saninsa daidai. Abin da ke hana shi maƙalewa a cibiya ke nan.

Mushe: Yaron da bai gama sanin lissafin rabi da kwata ba zan faɗa wa wannan? Kansa zai juye.

Ɗalibi: Ni abin da ya yi mini ciwo, sai da na shiga jami'a na gane, na sha wuya kafin zanen ya fita kaina. Ku zana, amma ku ce musu kwatanci ne.

Mushe: Wannan na yarda. Ranar Litinin zan rubuta shi a ƙasan zanen. Amma ba zan goge shi ba. Malama, don Allah ara mini gurminki.