Hoton ƙaramin jirgin ƙasa: kai na fita tar, taragu kuma dishi-dishi

Sabon_Direba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san kan ɗaukar hoton shimfiɗar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo. Shimfiɗar ta ma'aunin HO ce (kashi 1 cikin 87 na girman jirgin gaske), a kan teburi mai tsawon mita 2.4 da faɗin mita 1.2, da tasha ɗaya, gada da ɗan tudu. Kayan ɗauka kuwa kyamara ce mai sensa APS-C (matsakaiciyar sensa) da lensi mai zum milimita 18-55, sai kuma waya. Abin da ke damuna shi ne, a ido shimfiɗar tana da kyau, amma a hoto sai ta koma kayan wasan yara. Kan jirgi ya fita tar, daga tarago na biyu zuwa baya duk dishi-dishi. Launi ma yakan rikice, gefe ɗaya rawaya, ɗayan shuɗi-shuɗi. Ta ina zan fara gyara? Sannan in na zo ɗorawa don masu wannan sha'awa su gani, wane girma ya dace, kuma wane bayani ake haɗawa da hoton?

Baban_Tarago:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka taɓa kowane saiti, duba daga ina kake ɗauka. In kana tsaye a bakin teburi ka sunkuyar da kyamara, to hoton daga sama ne, kuma ba wanda ya saba ganin jirgin gaske daga nan. Shi ya sa ido ke kama shi nan take. HO kashi 1 ne cikin 87, don haka mutumin da idonsa ke mita 1.6 daga ƙasa, a kan shimfiɗarka idon nasa bai wuce milimita 18 daga gefen dogo ba. A ma'aunin N, kashi 1 cikin 160, milimita 10 ne kacal. Tsakiyar lensin babbar kyamara ba za ta sauka can ba in ka aza ta a kan teburi, saboda kaurin jikinta. Mafita ita ce ka kawo jirgin layin da ya fi kusa da bakin teburi, ka kafa kyamarar a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku a wajen teburin, ka yi ta sauke ta har tsakiyar lensi ta zo daidai da tagar direba ko ƙasa da haka kaɗan.

Sai batun dishi-dishi. Ba laifin lensinka ba ne, kusanci ne. Duk sanda aka matso da kyamara kusa da ƙaramin abu, zurfin wurin da ke fita tar yana raguwa ƙwarai. A kan APS-C, in faɗin abin da ya cika hoton kamar santimita 25 ne, a f/8 (lambar f in ta ƙaru, ƙofar lensi ta ƙara tsukewa) za ka samu zurfin kusan santimita 4, a f/16 kusan 8, a f/22 kusan 11. Jirgi mai taragu huɗu da aka ɗauka a karkace yakan miƙa santimita 60 ko fiye zuwa baya. Ka ga ko ka tsuke lensin har ƙarshe ba zai ishe ka ba.

Abin da ke aiki shi ne a ɗauki hotuna da yawa, kowanne da fokas a wuri daban, a haɗe su a kwamfuta su zama ɗaya. Ka sa kyamara a M (saitin hannu), ISO (ƙarfin jin hasken sensa) 100, f/8, ka bar lokacin shan haske ya kai duk inda ya kai, ko da daƙiƙa ɗaya ko biyu ne, tunda ba abin da ke motsi. Kashe fokas na kai-tsaye, kashe mai hana rawar hannu, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza ta. Fara fokas daga abu mafi kusa, wato tsakuwar da ke gaban jirgi, ba daga hancinsa ba. Mutane da yawa nan suke yin kuskure, sai a samu jirgi tar amma ƙasan hoton a jagule. Ka riƙa matsar da fokas kamar santimita 3 kowane ɗauka a kusa, can baya kana iya faɗaɗa tazarar domin zurfin yana ƙaruwa da nisa. Hoto 12 zuwa 20 sukan isa. Manhajojin Helicon Focus da Zerene Stacker don wannan aikin aka yi su, Photoshop ma yana yi da Auto-Align Layers sannan Auto-Blend Layers.

Abu biyu ke ɓata shi. In ka tsallake tazara mai yawa, za ka ga ɗamarar dishi-dishi ta ratsa tsakiyar jirgi, kuma ba gyara sai sake ɗauka. Na biyu, siraran abubuwa irin sandar sigina, wayoyi da rassan itace sukan fito da wani farin lulluɓi a gefensu. Wannan da hannu ake goge shi a cikin manhajar, ta hanyar ɗauko wurin daga hoto guda da ya fita daidai. Kuma kada ka taɓa zoben zum tun daga hoton farko har na ƙarshe.

Mai_Fitila:

Malam Baban_Tarago ya gama da fokas, ni a kan haske zan tsaya, domin rikicewar launin nan daga can take. Kana haɗa haske iri biyu ne. Kwan fitilar ɗaki mai ɗumi yana wajen 2700K zuwa 3000K (K ma'aunin launin haske ne), hasken rana ta taga yana wajen 5500K ko sama. Kyamara ɗaya kawai za ta iya daidaitawa, ɗayan dole ya fito rawaya ko shuɗi. Ka ja labule, ka kashe fitilar ɗaki, ka yi aiki da kwan LED iri guda, 5000K, mai CRI (ma'aunin fito da launi yadda yake) 90 ko sama. Mai ƙarancin CRI yakan kashe ja da ruwan ƙasa, alhali su ne launin tsatsa da bulo da jar ƙasa. Sannan ka ɗauki farar takarda a ƙarƙashin hasken ka saita farin kyamara da ita, kada ka bar shi a kai-tsaye, musamman in za ka haɗa hotuna, don launi zai riƙa sauyawa tsakaninsu.

Filasha ta kan kyamara kuwa ka manta da ita. Tana ƙona gaba, ta bar baya cikin duhu, ta sa roba ƙyalli.

Rana ɗaya ce a sama, don haka inuwa ɗaya ake so. Babbar fitila guda, daga sama ta gefe, a kusurwar digiri 45 ko makamancin haka, kuma a nesa, mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Dalilin nisan shi ne in ka ninka tazara, haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar da ke kusa za ta haske kan jirgi fiye da taragon ƙarshe nesa ba kusa ba, ta nesa kuwa ta fi raba shi daidai. A ɗaya gefen ka jingine farin kwali ya mayar da haske ƙarƙashin jirgi, in ba haka ba ƙafafu da duk aikin da ke wajen za su nutse cikin baƙi. Ka kuma lura da inuwar gini ko itace a kan zanen sararin sama na baya. Ba abin da ke tona asirin hoto kamar bishiya ta yi inuwa a jikin gajimare. Ɗaga fitilar sama, ko ka matso da bishiyar santimita 8 zuwa 10 daga bangon.

Ƙura ma a kula. Kwayar da ido bai gani ba, a hoto ta zama dutse a kan rufin tarago. Burushi mai laushi irin na fenti da abin hura lensi sun isa. Ka duƙa ka tabbata kowace ƙafa tana kan dogo, ka duba mahaɗar taragu ba wadda ta saki. Gefen ƙarfen dogo in yana sheƙi a shafa masa fenti ruwan tsatsa, a goge samansa kawai don wuta ta wuce.

Hoton dare: rage haske sosai, f/11, daƙiƙa 10 zuwa 20. Fitilar gaban jirgi in ta kwana a kunne duk tsawon lokacin za ta zama farin dunƙule. In kana da DCC (tsarin sarrafa jirgi na dijital), danna F0, maɓallin fitila, ka kunna ta daƙiƙa ɗaya ko biyu a cikin ɗaukar, ka kashe.

Sabon_Direba:

Na gode ƙwarai malamai, Allah Ya ƙara sani. To wayar fa? Kuma in ba a son wahalar haɗa hotuna, f/22 ba zai wadatar ba?

Dogon_Layi:

A nan na ɗan saɓa wa masu cewa kada a kusanci f/22. Gaskiya ne in ƙofar lensi ta tsuke sosai haske yana bazuwa, hoton gaba ɗaya ya ɗan yi laushi. A APS-C ana fara ganin haka daga f/11 zuwa f/16. Amma hoton da za a rage don ɗorawa a intanet, laushin ba ya bayyana sosai. In kan jirgi kaɗai kake ɗauka daga gefe, ko gini guda, f/16 ko f/22 a ɗauka ɗaya ya isa. Dogon jirgi a karkace ne ba makawa sai an haɗa. Ka dai sani f/22 tana fito da duk dattin da ke kan sensa, ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Waya kuwa kada ka raina ta. Sensarta ƙarama ce, don haka zurfin da ke fita tar ya fi na babbar kyamara, kuma lensinta na can kusurwa. Juya ta kai ƙasa, lensin ya sauka dab da tsakuwa, ka samu tsayin idon da Malam Baban_Tarago ya lissafa, har a tsakanin gine-gine inda babbar kyamara ba ta shiga. Jingine ta da ɗan katako, sa jinkiri, danna ka riƙe a kan jirgi don fokas da haske su kulle. Kashe yanayin da ke dusashe baya da gangan, shi ne ainihin abin da kake gudu. Kada ka ja zum da yatsa. A kula kuma kada ƙarfen jikin waya ya haɗa dogo biyu alhali da wuta.

In bidiyo ne, rage gudu. Kilomita 60 a awa na jirgin gaske, a HO kusan santimita 19 ne a daƙiƙa, kuma yawancin mutane sun ninka haka ba su sani ba. In haske na rawa a bidiyon, sa 1/50 inda wutar gida ke 50Hz, 1/60 inda take 60Hz.

Wajen ɗorawa, JPEG a tsarin launi na sRGB, dogon gefe fiksel 1600 zuwa 2000. In ka bari a Adobe RGB, launi yakan fito a koɗe a wasu na'urori. WhatsApp da Facebook suna matse hoto, a WhatsApp tura shi a matsayin fayil in kana so ya isa yadda yake. Goge bayanin GPS daga hoton waya kafin ka ɗora, yana iya nuna inda gidanka yake.

Hoto uku zuwa biyar sun fi talatin. Ɗaya daga sama mai nuna teburin duka, a nan ɗaukar sama take da amfani, sauran daga ƙasa. Ka rubuta ma'auni, girman teburi, mafi tsukewar kwana, misali radiyos inci 18 ko 22, hawan tudu kashi nawa cikin ɗari, da ko DC ne (sarrafa jirgi da ƙarfin wutar dogo) ko DCC. Haɗa da zanen layin, ko na hannu ko daga manhajar AnyRail, SCARM ko XTrackCAD, da alamar inda kyamara ta tsaya a kowane hoto. Wurin da ba a gama ba ma ka ɗauke shi, har da wayoyin ƙarƙashin teburi, domin in akwai kwanar da ta yi tsauri ko hawan da ya wuce kashi 2 zuwa 3, gara a nuna maka tun ba ka manne tsakuwa ba.