Mun je nutso a Bahar Maliya mun dawo da ciwo, muna da haƙƙin diyya kuwa?

Ɗan_Karantina:
Slm jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan abin, musamman mazauna Jidda. Ni da ƙanena da wasu abokan aikinmu muka haɗa kuɗi muka biya wani kamfani mai kai mutane nutso, irin tafiyar nan da ake kwana cikin jirgin ruwa, an tashi daga garin Allis da ke kudu da Jidda zuwa wajen nutson da ake ce ma Farasan Banks. Dukkanmu muna da katin shaidar koyon nutso na PADI na matakin farko, mita 18 ce iyakarmu kuma bamu wuce ta ba. Daren farko janareto ya mutu, firji ya tsaya har gari ya waye, da rana kuma kajin da suka kwana a ciki su aka dafa aka ɗora mana kan kabsa, shinkafar Larabawan nan. Kafin magariba amai da gudawa sun kwantar da fiye da rabinmu, ana ta layi a ƙofar bayi.

Washegari ƙanena ya ɗan ji dama-dama, ya tambayi jagoran ko zai iya shiga ruwa, yace masa ba komai ya sha ruwa kawai ya shiga. Ya shiga ya fito lafiya, can sai kafaɗarsa ta dama ta kama ciwo, yatsun hannun suka daina ji, muka ce a kawo oksijin aka ɗauko kwalbar wlh babu komai a cikinta. Haka muka juyo da shi har gaɓa, sannan mota zuwa Jidda, aka sa shi a injin nan na matsin iska da ake jinyar masu nutso a ciki. Alhamdulillah ya samu sauƙi amma kuɗin asibiti ya cinye mu, inshorar wajen aikinsa tace ba ruwanta da nutso. Mun koma wa kamfanin sun ce ai mun sa hannu a takarda cewa komai ya faru ba ruwansu. To shikenan maganar ta mutu kenan? Ko mun cancanci a biya mu?

Alhaji_Shara_Mansur:
Wa alaikumus salam. Allah ya kara masa lafiya yasa kaffara ne. Dana ni dai shawarata kuyi hakuri ku barwa Allah, tunda ya dawo muku da yaro da ransa ai wannan ya fi duk wani riyal da za'a baku. Wanda ya dauki kafarsa ya shiga karkashin teku ya san ba tsakar gidansu ya shiga ba. Sannan mu baki ne a kasar nan, kana zaune da ikama (takardar izinin zama) kaje kana shari'a da dan kasa, yau zama gobe dage zama, aikinka ma sai ya samu matsala. Na ga wadanda suka kashe kudin da ya fi wanda suke nema. Amma gaskiya maganar kwalbar oksijin dinnan ta tsaya min a rai, wannan kam basu kyauta ba ko kadan.

Bahari_Bortsudan:
Sannu ɗan uwa, Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Baba Alhaji a gafarce ni, ban yarda a dunƙule komai a ce ƙaddara ba. Ni a Bortsudan ta ƙasar Sudan na tashi, aikin jiragen nutso nayi, muna kai baƙi wuraren nutso irin su Sanganeb da Sha'ab Rumi da wajen Umbria, jirgin Italiya ɗin nan da ma'aikatansa suka nutsar da shi da kansu a 1940, sai da yaƙi ya ɓarke a 2023 na tsallako nan. Don haka abinda zan faɗa a kan ruwa na koye shi.

Ciwo iri biyu ne ya same ku kuma ku raba su tun yanzu. Na cikin nan laifin kicin ne tsantsa, duk kukun da ya san aikinsa in firji ya kwana a kashe a zafin Bahar Maliya zubar da kaji yake yi ya dafa taliya ko waken adas, ba wanda zai mutu don bai ci nama ba rana ɗaya. Na ƙanenka kuma shi ne ciwon da duk mai nutso yake tsoro. Iskar da ke cikin silinda iskar duniya ce, kashi 78 cikin ɗari naitirojin, duk mita 10 da ka sauka matsin yana ƙaruwa, jiki yana ta shanye naitirojin ɗin, in ka taso bai gama fita ta numfashi ba sai ya zama kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe ta farat ɗaya. Shi ya sa ake hawowa a hankali a tsaya minti 3 a mita 5. To wannan ciwo yana iya kama mutum ko ya bi ƙa'ida, gaskiya ce, kuma a nan kamfanin zai laɓe. Amma mutumin da ya kwana yana gudawa jikinsa ba ruwa, a ce masa shiga ba komai? Haba. Mu ko mura ce ta toshe wa baƙo hanci zaunar da shi muke yi ko zai yi fushi, fushinsa ya fi mana sauƙi a kan gawarsa. Kuma taimakon farko na wannan ciwo oksijin ne zalla tun a cikin jirgi, kafin a tashi daga tasha ake duba agogon kwalbar, ba sai mutum ya kwanta ba. Nisan Allis da Jidda kusan kilomita 200 ne banda tafiyar ruwa, duk wannan lokacin yaron yayi shi ba oksijin. Ni a wajena nan ne babban laifin, ya fi na kajin ma.

Tambaya ɗaya, kafin ciwon ya tashi ko bayansa ba ku hau Ɗa'if ba ko? Don mutanenmu suna yawan yin haka, a fito daga teku a bi hanyar Hada a je shan iska, alhali hawa dutsen nan daidai yake da shiga jirgin sama, shi kuma jirgi ana so ka jira aƙalla awa 18 in ka yi nutso fiye da ɗaya. In kun yi haka zasu riƙe ku da shi.

Ummu_Hanan:
Allah ya ƙara sauƙi. Baba Alhaji, yafiya alheri ce amma mai haƙƙi ne yake yafewa bayan an amsa cewa haƙƙinsa ne, su waɗannan ko amsawa basu yi ba. Annabi SAW yace ba cuta ba cutarwa, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da bambance abinda ya faɗo daga sama da abinda sakacin mutum ya jawo, na biyun akwai lamuni a kansa.

Ina aiki a ofishin lauyoyi nan Jidda, ba lauya bace ni amma takardun suna bi ta hannuna. Dokar mu'amalar jama'a ta Saudiyya, Nizamul Mu'amalatil Madaniyya, ta fara aiki a Disambar 2023, kuma a cikinta an rubuta ƙarara cewa duk kuskuren da ya jawo wa wani cuta, wanda ya aikata shi ne zai biya diyya, bata ce sai ɗan ƙasa ba. Ita kuma takardar da kuka sa wa hannu, ma'anarta kun yarda teku tana da haɗarinta, ba lasisin ciyar da ku ruɓaɓɓen nama bane, dokar bata yarda a sharɗanta wanke kai daga ha'inci ko babban ganganci ba. Sai dai fa ku sani rashin lafiya kaɗai ba ya jawo diyya, sai kun nuna sakacin, kun nuna cutarwar, kun kuma nuna wancan ne ya haifar da wannan. Don haka ku karɓo rahoton likita da hatimi, rasit ɗin biyan tafiyar da na asibiti, hirarku ta WhatsApp da su kar a goge ko ɗaya, lambobin sauran da suka yi ciwon su ma su rubuta abinda suka gani. Ku fara da ƙorafi a ma'aikatar yawon buɗe ido ta lambar waya 930, in ba a daidaita ba akwai shafin intanet na Taradi na sulhu, sannan shafin Najiz na shigar da ƙara in ta kai ga kotu. Yawanci kamfani in ya ga takardu sun haɗu shi yake fara neman sulhu.

Ɗan_Karantina:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji maganarka kuma wlh ba son rigima muke ba, ko kuɗin asibitin kaɗai suka mayar mun gode. Malam Bahari bamu je Ɗa'if ba, daga jirgi sai mota sai asibiti. Anti Ummu Hanan rasit duk suna nan, kuma wani abokinmu ya ɗauki bidiyon kwalbar lokacin da ake murɗa ta allurar tana kan sifiri. Wanda ya rage min rahoton gudawar ne, don mu a gida muka sha magani, mutum biyu ne kawai suka je aka yi musu ƙarin ruwa.

Bahari_Bortsudan:
Bidiyon nan ka ajiye shi waje uku. Waɗancan biyun su karɓo nasu rahoton ya wadatar. Sannan kwamfutar hannun da ƙanenka ya ɗaura, kar kowa ya sake shiga ruwa da ita, tana riƙe da zurfin da ya kai da mintocin da yayi da saurin hawowarsa, ita zata nuna bai karya ƙa'ida ba in sun ce laifinsa ne. In tasu ce ta haya ku nemi bayanan a rubuce tun yau kafin su goge. Kuma kar ya kusanci nutso sai likitan da ya duba shi ya sallame shi, in zai koma ya yanki inshorar nutso irin ta ƙungiyar masu nutso ta DAN tukuna, ta wajen aiki ba kasafai take ɗaukar wannan ba.