Wanda ya taɓa cire tatu a Abuja ko Jos ya zo mu ji

Abban Nyanya: Assalamu alaikum. Ƙanena na son shiga soja, kuma cikin sharuɗɗan ɗauka ba a son mai zane a jiki. Yana da baƙin tatu a dantse tun yana sakandare. An nuna mana wani wuri a Wuse 2, sun ce zama biyu an gama. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Maman Khairat: Wa alaikumus salam. Zama biyu? Yaya, ku riƙe kuɗinku. Leza, wato na'urar hasken da ake cire tatu da ita, farfasa tawadar kawai take yi, jiki ne ke kwashe ta a hankali, shi ya sa ake barin mako 6 zuwa 8 kafin a koma. Nawa zanen gira ne, mai ruwan ƙasa. Ana haska shi ya koma baƙi wuluk, likita ta ce sinadarin ƙarfen da ke cikin tawadar ne. A ranar, da niƙabi na koma Kubwa. Sai da aka haura shekara ya dushe.

Ɗan Terminus: Ko me za ku yi, kar ya bi na gida. Abokina an ba shi shawara ya shafa man ƙwallon kashu. Wajen ya yi ƙuna, ya tara ruwa, ya saɓule, tawadar kuma tana nan daram. Tabon ya tashi ya yi tudu. Da muka je wajen likitan fata a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, maganin tabon aka fara, ba a ma taɓo zancen zanen ba.

Anti Nas: Malam, ku tambaye su sunan na'urar. Ga fata irin tamu, lezar Nd:YAG mai lamba 1064 aka fi amincewa da ita, don ba ta cika taɓa launin fata ba. Wasu na'urorin sai su bar farin tambari, wani lokacin ba ya komawa. Mai aikin likita ne da rajistar MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ko yarinyar shago aka koya wa danna maɓalli? Su fara gwadawa a ɗan gefe, a jira makonni a gani. Idan ba su ba shi tabarau na kare ido ba, ku fito. In a gidanku ana yin tabo mai tudu, ku faɗa tun farko. Baƙi dai ya fi sauƙi, kore da rawaya su ne masu taurin kai.

Abban Nyanya: Na gode Anti. Matsalar ita ce tantancewa ta kusa.

Maman Khairat: To ba zai riski wannan ba, ya jira ɗauka ta gaba. Ku faɗa masa da zafi, kamar ana tsula masa roba. Wajen zai yi fari fat na ɗan mintoci, kar ya tsorata, kuma ya riƙa rufe shi daga rana.