Switch ɗina ya ƙi hawa wifin makaranta, a taimaka mini

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, shekara ta biyu, a ɗakunan ɗalibai nake kwana. Da hutu yayana ya taho mini da na'urar wasa Nintendo Switch Lite daga Kano, na hannu ne amma ƙalau yake, sai ɗan ƙarzuwa a gefen gilashi. Yau kwana goma ina fama da shi.

Wifi biyu gare mu. Na ɗakuna sai ka sa sunanka da lambar sirrinka kafin ka shiga. Wayata tana hawa, kwamfutar abokin ɗakina ma haka, amma a Switch sunan wifin fitowa yake toka-toka, ko na danna ba ya motsi. Na ɗakin karatu kuwa buɗe yake, sai ka shiga wani shafi ya fito ka rubuta suna. Wannan ya hau, amma da na nemi mu yi tseren Mario Kart da yayana sai ya yi ta juyawa, ya jefo mini wata lamba mai farawa da 2618. Na koma partaj, wato raba intanet daga wayata, kafin in gama shan shayin farko forfen da na sa na sati ya ƙare. Me zan yi?

Ɗan Birni:
Karatu aka turo ka ko tseren mota? Allah ya shirya. Ina nan dai ina jiran amsa, ƙanena ma irinsa gare shi.

Ɗalibin kwamfuta, shekarar ƙarshe:
Wa alaikumus salam ƙanena. Matsalarka biyu ce, ka haɗe su wuri ɗaya. Ta farko ƙofa. Tsaron wifin ɗakuna irin na ma'aikatu ne, inda kowa da sunansa da lambarsa. Switch tun fitowarsa a 2017 bai san wannan ba, Lite da ya biyo a 2019 ma haka. Irin na gida kawai ya sani, lamba ɗaya kowa ya sa. Shi ya sa ka gan shi toka-toka. Na'urarka lafiyarta lau, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan gyara.

Mafita tana ɗakinku. In kwamfutar abokinka Windows 10 ce ko 11, tana iya karɓar wifin makaranta da sunansa ta sake raba shi kamar partaj na waya, har na'ura 8. Switch zai ga wifi irin na gida ya hau. Sai dai duk abin da ka ja, da sunan abokinka aka ja shi, don haka ka tambaye shi tukuna.

Ta biyu ita ce mai wuyar. Shiga saitin intanet na Switch ka danna gwajin haɗi, za ka ga an rubuta NAT da harafi a gaba: A, B, C, D ko F, wato ma'aunin sauƙin da na'urarka ke haɗuwa da ta wani a waje. Mario Kart ba ta wata babbar kwamfuta kuke haɗuwa ku yi tsere ba, na'urarka ce ke magana da ta yayanka kai tsaye. Makaranta kuwa ta tara mu duka bayan katanga ɗaya, saƙon da ya zo daga waje ba a san ɗakin wa za a kai shi ba, sai a mayar. A da B lafiya, C da dama-dama, D sai da mai A kaɗai kake haɗuwa, F babu labari. Lambar 2618 ɗin nan kukan da take yi ke nan. Kwamfutar abokinka ba ta maganin wannan, ƙara wata katangar ma take.

Mai tambaya:
Na duba yanzu babban yaya. D ne.

Mai gyaran waya a kasuwar Dole:
Kawo mini shi shago bayan la'asar. Akwai dabarar ɗaukar lambar MAC ta Switch, wato lambar da reso ke gane kowace na'ura da ita, a ɗora wa kwamfuta, a shiga shafin da ita, sannan a kashe a kunna Switch. Reso zai ɗauka na'ura ɗaya ce.

Tsohon ma'aikacin reso:
Maigida, ba abin da dabararka za ta ƙara masa, yaron ya riga ya wuce shafin da kansa. Kuma ɗana, kada ka fara wasa da lambar MAC a reson da ba naka ba. Na yi shekaru ina wannan aiki, in muka ga lamba ɗaya tana canza kama toshe asusun muke yi, sai ranar rajista ko duba sakamako mutum ya zo yana rantse-rantse. Lambar tana nan a shafin intanet na saitin, haruffa da lambobi 12 ne, bibbiyu. Kwafe ta a takarda, ɗauki katinka na ɗalibi, ka je ofishin masu kula da reso da safe kafin rana ta yi zafi mutane su fara faɗa. Ka faɗi gaskiya na'urar wasa ce. Wasu wuraren suna rajistar irin waɗannan don kada shafin ya riƙa tare su kullum. Buɗe maka ƙofofin wasa kuwa, kada ka sa rai. Layin da ɗaruruwan ɗalibai ke sauke darussa da shi, ba wanda zai kwance masa tsaro saboda tsere.

Wata 'yar Zango:
Ni ma Switch gare ni. Ba wasan ne ya cinye maka forfe ba, sabuntawa ce, shi tseren kansa kaɗan yake ci. Kashe sabuntawa ta kai-da-kai a saiti, ka riƙa sauke manyan abubuwa a ɗakin karatu, in za ka buga da yayanka ka koma partaj. Gwada NAT ɗin a kan kowane sim da kake da shi, ba ɗaya suke ba. Nawa wani ya ba ni B, wani D. Sannan Mario Kart har mutum 8 suna iya haɗuwa kusa da kusa ba intanet ko kaɗan, in dai kowa da na'urarsa da wasansa. Mu uku ne muke bugawa ranar Lahadi, wuta ta ɗauke ko ta kawo.

Ɗan Birni:
To Hajiya, a wace fada? Ƙanena ya ce shi zai kawo gawayi da sukari.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na je ofishin yau kamar yadda ka ce. Mutumin ya juya Switch ɗin a hannu ya yi dariya, ya ce ɗansa ya dame shi da irinsa, ya rubuta lambar a wani littafi ya ce in dawo Litinin. Zancen NAT ko bari in ƙarasa bai yi ba. Daren jiya na ari sim ɗin abokin ɗakina ya ba ni B, muka yi tsere huɗu da yaya, ya cinye ni duka huɗun.